Yadda ake gane tankin kifi mai tsirrai ya isa a tayar da shi, da yadda ake yi kifi bai mutu ba

Wani ƙanin abokina da ya fara kiwon kifin ado a nan Hotoro ya same ni ranar Asabar, ya ce, "Yaya, tankin nan ya ishe ni, zubar da komai zan yi in sake sabo." Na bi shi na gani. Gansakuka ce kawai ta rufe gilashin, don ya ajiye shi daf da taga, rana na dukansa tun hantsi. Labule da reza sun gama maganin abin, shi kuwa yana shirin rushe aikin shekara biyu. Sababbin shiga haka suke, da ido ya ga datti sai a ɗauko bokiti. Tsufan tanki a ƙarƙashi yake ɓuya, can za ka neme shi.

Fara da gam ɗin silikon da ya riƙe kusurwoyi. In ya soma ɓamɓarewa, ko ka ga danshi a ƙasan teburin kullum, magana ta ƙare, tayar da shi a makon nan. Tanki mai lita 100 kilo 100 na ruwa ke ciki, ka ƙiyasta wannan a kan kafet ɗin falo da tsakar dare.

In gam lafiya lau, koma ga ƙasar shuka. Soka tsinke mai tsawo har ƙasa a wurare uku ko huɗu. Kumfa ɗaya-biyu ba komai ba ne. Amma in ta taso da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙasar ta toshe, iska ba ta shigarta. Tuge tsiro ɗaya ka duba saiwarsa: fara mai ƙarfi lafiya ce, baƙa mai narkewa a yatsa kuwa ta ba ka amsa. Ita ƙasar musamman da ake shigowa da ita daga waje, mai ƙwaya-ƙwaya, ƙarfinta kan kai shekara ɗaya zuwa biyu, daga nan takinta ya ƙare, ƙwayoyin su farfashe su zama taɓo. Murza kaɗan ka gani. Yashi da tsakuwa ba sa tsufa irin haka. A zuƙe dattinsu da tiyo, a tura musu ƙwayar taki a gindin tsirrai, shi ke nan. Ni dai da farashin wannan ƙasar shuka ta waje ke bin dala, yashin kogi da aka wanke sosai nake ba kowa shawara.

Sai awon ruwa. Sayi kayan awo na ɗigo, ka bar takardar nan da ake tsomawa. In naitiret, wato abin da kashin kifi ke komawa a ruwa, ya haura 40, ma'aunin pH na tsamin ruwa kuma ya gangaro daga wajen 7 zuwa 6 ko ƙasa, ruwan ya gaji. Wata alamar ita ce tsofaffin kifayenka na yawo abinsu, amma duk sabon da ka sa ba ya kwana biyu. Tsofaffin sun saba da ruwan ne sannu a hankali. Kada ka canza rabin ruwa lokaci guda, su ma za ka kashe su. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari duk bayan kwana biyu, har mako uku, ka rage abinci, ka rage awannin fitila. Tankuna da yawa a nan suke farfaɗowa. Wanda ya cika wata guda tsirrai ba su yi toho ba, baƙar gansakuka mai kama da gemu na kan kowane ganye da dutse, ƙasa kuma na wari, shi ne ya isa tayarwa.

Kada ka yi aikin nan a bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano na taɓa digiri 40, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, kifi a baho sai ka ga sun taso sama suna haki. Da hunturu ruwan jarka kan yi sanyi ƙalau da safe. Damina nake yi, da sassafe.

Yanzu ga inda na ci ƙasa. Karon farko da na tayar da nawa, na ɗauki soson filta, baƙi ƙirin yana yauƙi, na kai bakin famfo na cuɗa shi har ya yi fes, na shanya a igiya kamar wanki. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Kwana huɗu bayan haka ruwa ya yi fari kamar an zuba madara, ƙananan kifayen adon da ake kira gofi suna ta kifewa ɗaya bayan ɗaya, na kwashe fiye da rabi da cokali. Wannan yauƙin da na wanke shi ne ran tankin. A cikinsa bakteriyar da ke juya amoniya ta kashin kifi zuwa naitirait, sannan naitiret, take zaune. Kilorin na ruwan famfo yana kashe ta, bushewa na kashe ta, zama cikin ruwan da ba ya motsi ma na kashe ta. Kafin ta sake kafuwa daga farko mako huɗu zuwa shida ne, kifi kuwa ba zai jira ba.

Saboda haka kafin ka taɓa ƙasa, zuƙi ruwan sama mai tsabta ka cika baho biyu. Ɗaya na kifi, ka rufe da raga don suna tsalle. A ɗayan ka matse soson sau biyu kawai, ka maida shi bahon kifi da filtar tana aiki. In an ɗauke wuta, fito da soson daga cikin filta ka bar shi a buɗe cikin ruwan, ka kunna famfon iska mai batir. Wanda ba shi da wannan famfo ko sola kada ma ya fara. Ruwan mai garuwa kuma ba ka san inda ya ɗebo ba, wata rana burtsatse wata rana famfo, don haka ɗiga masa maganin kilorin ko da ya rantse maka. Sabulu ko Omo kada su kusanci komai na tankin, har bokitin.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Cire tsirrai, yanke duk ganyen da gansakuka ta kama, rage tsawon saiwa. Kwashe tsohuwar ƙasa ka kai wa fulawar tsakar gida, tana so. Goge gilashi, gyara gam in da buƙata ka bar shi ya bushe kwana biyu. Zuba sabuwar ƙasa, shuka, cika ruwa a hankali a kan faranti. Tsirran da ake kira Anubiyas da Java fan a ɗaure su a dutse ko icce, ba a binne gindinsu. Tsiron Kirif na iya zubar da ganye duka, bar shi, zai dawo.

In yashi ka sa, kifi na iya komawa ranar tare da tsohon soso. In ƙasar waje ce, tana fitar da amoniya a makonnin farko, su zauna a baho har awo ya nuna sifili. Fitila awa shida, abinci kaɗan, sabon kifi sai bayan wata guda.