Yadda ake yankan kacalla a saƙa asabari da ita

Duk mai garka a bakin tabki a jihar Tawa ya san kacalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, kuma da wuya ka ji ya ambace ta da alheri. Ta cinye wurin dashen albasa, ta toshe mashayar dabbobi, ta hana masunci jefa koma, ga jan-baki da ke kwana cikinta su wayi gari a gonar gero. Duk gaskiya ne. Amma ni da na tashi a gidan da ake saƙa da ita, raina yana ɓaci in na ga an cinna mata wuta da bazara. Wuta ganye kaɗai take ci. Saiwar tana kwance cikin laka lafiya lau, ba a jimawa ta sake toho, an kuma ƙone abin da zai baibaye rumfunan unguwa guda.

Kafin ka ɗauki lauje, ka karya ganye ɗaya ka duba cikinsa. Za ka ga ƴan ramuka jere daga sama har ƙasa. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwa, domin cikin laka babu iska. In ka yanke ta sama da ruwa, aski kawai ka yi mata. In kuwa ka yanke ta ƙarƙashin ruwa, har ruwa ya rufe kututturen da taƙi guda ko fiye, to ka toshe mata numfashi, saiwar ta soma ruɓewa. Saboda haka ka sunkuya ka kai laujen ƙasa sosai. Ganyen ya fi tsawo a haka, ga shi ka rage mata ƙarfi.

Lokacin da na fi so shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwa bai wuce cinya ba, amma bai kusa janyewa ba. In ruwan ya ja ya bar kututture a fili, aikin ya koma baya. Kada kuma ka bari kan nata, mai kama da zangarniyar gero, ya nuna ya fashe. Kai guda yana ɗauke da iri dubbai barkatai, iskar hunturu ce ke raba shi tabki-tabki.

Shiga ruwan ba abin wasa ba ne. Ka sa dogon takalmin roba da riga mai dogon hannu, ka riƙa buga sanda a gabanka saboda maciji. Matsattsaku da sauƙi. Tsargiya ce abin tsoro, don ƴan katantanwar da ke ɗauke da ita suna son ruwa mai ciyawa wanda ba ya gudu. Kada a tura yara ciki. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi likita, akwai magani.

In an fito da ita, a sare gindin mai kauri da laka, a ware ganyen. Dogaye masu faɗi na asabari ne, sauran na jinka. Shanya ita ce wurin da mutane da yawa ke ɓata kayansu. A ɗanye ba a saƙa, don ganyen yana motsewa in ya bushe, sai ka ga asabarin ya saki duk rana tana shigowa. In kuma aka ɗaure ta dami da danshi, sai cikin ya yi zafi ya yi baƙi da hunhuna. A baza ta ba kauri a inuwa, kan itace ba kan ƙasa ba saboda gara, ana juyawa kullum. Rana tsaka tana sa ta gautsi. Ta bushe in ta yi sakayau a hannu, launinta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa.

Daren da za ka yi saƙa da safe, ka yayyafa mata ruwa ka lulluɓe da tsohon buhu, ta kwana ta yi laushi. Ka kafa turaku biyu-biyu daidai tsawon ƙofar da za a rataya asabarin, ka ja igiyar kaba ko ta rama layi huɗu ko biyar, kowane layi igiya biyu. Ka ɗauki ganye uku ko huɗu ka sa tsakanin igiyoyin, ka murɗa, ka sa na gaba, ka matse da babban yatsa. Babana yakan ce a riƙa juya su, wannan gindi dama, wancan gindi hagu, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi kauri asabarin ya karkace. Kada ka ja igiya har ta yanke ganye. In ka kai ƙarshe ka ƙulle, ka daidaita bakin da wuƙa mai kaifi. Irin wannan asabari, in aka yayyafa masa ruwa da azahar a watan zafi, iskar da ke ratsa shi sanyi take shigowa da shi.

Na jinka ana yanta shi kamar yadda ake yi wa shibci. Ba ya kai shibci daɗewa a ruwan sama, shi ya sa na fi sa shi a rumfa da turken awaki. Audugar kan nata ana cusa ta a matashi, in an dace da ita kafin ta watse. Ragowar gindi da ɓaraguzan ganye a sassara a zuba a ramin taki tare da kashin shanu.

Inda ruwa ya daina kafewa da rani, nan kacalla ke samun gindin zama. Haka ta mamaye fadamun Haɗeja da Nguru bayan gina madatsar Tiga da ta Challawa, haka ma kogin Senegal bayan madatsar Diama ta 1986, inda har gawayin girki ake yi da ita yanzu. Yanka ɗaya ba ya kashe ta. In toho ya leƙo saman ruwa, a koma a sake yankewa ƙasa, sau biyu ko uku kafin ruwa ya ja. Mutum ɗaya kuma ba ya iya mata, don saiwar da ke gefen maƙwabci tana rarrafowa ta cike inda ka share. A sanar da maigari, a kira gayya, masu garka da masunta da makiyaya, a ɗauki gefe guda na tabkin a gama da shi kafin a matsa gaba.