Kurakuran fitilar dare da ke kashe murjani a tankin gilashi

Masu ajiye murjani mai rai a tankin ruwan gishiri a Kano, a falo ko a harabar otal, da ya fara yin fari sai su ɗora wa zafin Afrilu laifi. Zafi na da nasa kason, amma sau da yawa fitila ce ke ɓarnar.

Murjani dabba ne. A jikinsa akwai ƙwayoyin gansakuka da ke haɗa masa abinci da hasken rana, da dare kuma yawancinsa ke miƙe 'yan hannuwa yana kamun ƙananan halittun ruwa. Binciken da aka yi a Eilat, bakin Bahar Maliya, ya nuna hasken dare na raunana aikin gansakukar, yana kuma tara sinadarai masu illa a jikin murjanin. Shuɗi da farin LED sun fi ɓarna.

Babban kuskuren a nan garin shi ne jona fitilar tanki kai tsaye a soket. An ɗauke wuta da rana, an kawo ta ƙarfe biyun dare, sai tanki ya haske har asuba. Taima (na'urar da ke kunna fitila da kashe ta bisa lokaci) mai juyawa ma ba ta magance wannan ba, don da wuta ta ɗauke agogonta ke tsayawa. A sayi ta dijital mai batir, a ɗora fitilar kan inbata ko sola. Haske awa 9 zuwa 10 kullum a lokaci guda, ragowar kuma duhu.

Sai 'yar shuɗiyar fitilar da ake kira hasken wata, a bar ta kwana kunne wai don ado. Wata na gaske yana ƙaruwa yana raguwa, kuma murjani na bin lissafinsa: a Great Barrier Reef, dogon tudun murjani da ke tekun Ostareliya, 'yan kwanaki bayan daren sha huɗu yake sakin ƙwai gaba ɗaya. Awa ɗaya ta ishi 'yar fitilar, a kashe.

Talabijin da fitilar tsaro da ke shigowa ta taga su ma haske ne. Labule mai kauri ko baƙin yadi a kan gilashin ya wadatar. In dubawa za a yi da dare, a haska jar tocila mara ƙarfi.

Murjanin da ya riga ya koɗe kuwa, ƙara masa haske ƙarasa shi ne. A rage ƙarfin fitilar zuwa rabi, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan cikin mako uku, ruwan kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27.