Babba ne, amma bai kai kilo 50 ba: a kula da paracetamol

'Yan uwa masu jinyar tsofaffi ko wanda ciwo ya ramar, ku dinga auna nauyinsa kafin a ba shi magani. Ƙwaya biyu ta paracetamol da aka saba ba babba, wato miligiram 1,000, an tsara ta ne don mai kilo 50 zuwa sama.

Wanda bai kai haka ba, lissafin da ake yi shi ne miligiram 15 a kan kowane kilo. Mai kilo 40 ke nan miligiram 600, don haka ƙwaya ɗaya ta 500 ta wadatar, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kuma kada a wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Hanta ce ke sarrafa maganin, kuma ta mai rama da rashin cin abinci ba ta da ƙarfin ɗaukar wanda ya yi yawa. Abin haushin, illar ba ta nuna kanta sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Ku duba kwalin maganin mura ma, da yawansu akwai paracetamol a ciki.

Maganin tarin fuka ma da nauyi ake ba da shi. Ku faɗa wa likita ko mai kemis kilon mara lafiyan tun kafin su tambaya.