Yadda ake raba tsohuwar Peugeot 504 da tsatsa, daga wili zuwa bodi

Shekara tara motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ta yi a ajiye ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidanmu da ke Jahun, cikin garin Bauchi. Farar Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, irin wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a 1975 kuma aka ci gaba da fitar da ita har 2006. Ranar da muka tura ta fili muka ɗaga kafet ɗin gefen direba, da idona na hango ƙasa ta cikin ramin da tsatsa ta huda, faɗinsa ya kai tafin hannu.

Mutane kan ce motar Arewa ba ta tsatsa, tunda ba mu da iskar teku kamar Legas, ba a kuma zuba gishiri a titi kamar ƙasashen ƙanƙara. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ma tsofaffin motocinmu suka kai yanzu. Sai dai tsatsa ƙarfe kawai take buƙata da iska da ruwa. Ƙurar hunturu ta taru a lungu, ganyen bishiya ya toshe kafofin da ruwa ke fita, ruwan Agusta ya zo ya mayar da su taɓo. Wannan taɓon kan yi makonni da danshi, yana cin ƙarfe daga ciki alhali fenti na sheƙi a waje. Saboda haka gyaran duka ya rataya ne a kan abu ɗaya: sai ka kai ga farin ƙarfe. Duk abin da aka shafa a kan jar tsatsa zai taso.

Fara da wanki da bincike

Kada ka sayi fenti tukuna. Cire kujeru da kafet da robobin ƙofa, ka wanke motar ciki da waje, musamman ƙasanta da cikin madogadi, ka bar ta kwana biyu ta bushe. Sannan ka ɗauki sukudireba da ɗan maganaɗisu da alli. Inda fenti ya yi ƙuraje ka danna da sukudireba. Idan ya tsaya, ƙarfen na da sauran rai. Idan ya nutse ko ka ji ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye, zagaye wurin da alli, yanka za a yi. Maganaɗisun ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, wani ya riga ka zuwa ya cika wurin da fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar bodi da shi.

Ka fi tsananta bincike a ƙarƙashin batir, inda ruwan batir ke ɗiga, da gindin ƙofofi, da kewayen gilashin gaba, da cikin but, da dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙasan ƙofofi, da wuraren da ake kafa jak. Ita 504 salun ba ta da shasi daban kamar babbar mota, jikinta shi ne ƙashinta. Idan waɗannan dogayen ƙarafa ko inda ƙafafun baya suka kama jiki sun ruɓe, magana ta wuce kwalliya ta koma ta rai, kuma nan kuɗinka ya kamata ya fara zuwa.

Wili

Na fi son a fara da wili domin aiki ne da mutum zai iya da hannunsa a tsakar gida, kuma a nan hannu ke faɗawa kafin a taɓa bodi. Ka zuba wa notina kananzir ko man feshi na kwance noti tun da daddare. Da safe ka sassauta su motar na ƙasa, sannan ka ɗaga. Ka tokare ta da gungumen katako mai ƙwari. Bulon siminti yana farfashewa ba tare da sanarwa ba, jak shi kaɗai kuma ba abin dogaro ba ne.

Kai wa mai faci ya raba taya da wili. Wannan ba zaɓi ba ne. Kada a kusanto da wutar walda ko wani zafi jikin wili matuƙar taya na kansa, ko da an sace iskar, domin zafin kan sa robar ta fara ƙuna daga ciki ta tara iska har tayar ta fashe. An sha rasa rayuka ta wannan hanyar.

Kafin ka ɓata ƙarfinka, duba ko wilin ya cancanci gyara. Na 504 salun inci 14 ne mai noti huɗu. Dubi ramukan notin: idan sun yi faɗi sun koma siffar ƙwai, ko akwai tsaga mai kamar gashi a gefensu, ajiye shi. Wilin da ya tsage ba a yi masa walda, sauya shi ake yi. Baki da ya ɗan lanƙwashe ana iya miƙar da shi, amma a ɗora a injin balansin a ga ko yana rawa.

Wanda ya tsallake sai gurza. Burushin waya na kan giranda ya fi sauri, sannan sanfefa mai lamba 80, a bi da 180. Sa tabarau da takunkumi, domin wayoyin burushin na tsinkewa su yi tsalle, tsohon fenti kuma kan ƙunshi dalma. Wurin da mutane ke mantawa shi ne cikin wilin, daidai inda leɓen taya ke kwanciya. Tsatsar wannan layin ce ke sa taya marar tif ta riƙa sacewa a hankali, kullum kana wurin mai faci ana neman ƙusa ba a gani. Ka goge shi har sai yatsanka ya bi ya ji sumul. Haka lungun da faifan tsakiya ya haɗu da zoben, can tsatsa ke ɓuya.

Abin da ya maƙale cikin ƙananan ramuka, maganin tsatsa na gwangwani zai ci shi. Mafi yawansu asid ɗin fosforik ne a ciki, wanda ke mayar da jar tsatsa baƙa mai tauri. Siririn saura yake yi wa aiki, ba ɓawo mai kauri ba, kuma ka bi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin game da wankewa. Notina da ƙananan ƙarafa kuwa, ka jiƙa su kwana ɗaya a ruwan khal, ka goge, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka sake ɗaurayewa da ruwa zalla, ka shanya a rana nan take ka shafa mai.

Farin ƙarfe ba ya kwana tsirara. Ranar da ka gama gurza, ranar za ka goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, ka fesa faraima, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfe kafin fenti. Hawa biyu marasa kauri, sannan fenti hawa biyu ko uku, da tazarar minti 10 zuwa 15 tsakani. Bayan wilin inda yake manne da ƙafar mota, da mazaunin noti, a bar su da ɗan siririn hawa kawai. Fenti mai kauri a nan yana murƙushewa daga baya noti ya saki. Ka ba shi kwana uku zuwa mako kafin a mayar da taya, da sabon bawul. Ita ma tayar duba shekarunta: lamba huɗu ce a gefenta, 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Irin wannan ko zanenta bai cinye ba ta gama aiki. In ka ɗaura, ɗaure notin a gicciye, ka je Dass ka dawo, ka sake bin su da sifana.

Yanka da walda

A nan kana buƙatar fanel bita, kuma kana buƙatar zama kusa da shi. Kafin tartsatsi ɗaya ya tashi a cire batir, a sauke tankin mai a kai shi nesa, a janye wayoyi da duk abin da wuta za ta ci. Tankin da babu mai ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ke ciki.

Inda tsatsar ta tsaya a sama, gurza da magani sun wadatar, kamar yadda aka yi wa wili. Sai dai kada a daɗe da giranda a wuri ɗaya, zafi na kumbura falle. Inda ta huda, a yanke har a wuce ruɓar da kamar yatsa biyu, sai an ga bakin yankan yana ƙyalli. A ɗora kwali a zana siffar ramin, a fitar da ita a sabon falle mai kauri ɗaya da na motar, wato kusan milimita ɗaya. Mafi dacewa shi ne tsohuwar ƙofa ko bonet mai lafiya daga wurin 'yan gwangwan. Ka ƙi kwanon rufi: ya yi siriri, kuma hayaƙin sinadarin da aka lulluɓe shi da shi yana sa zazzaɓi in an ƙona.

Waldar lantarki irin ta ƙofar gida huda falle take yi. Injin walda mai zare waya da gas ya fi kowanne, amma yawancin garejinmu wutar kabaid ake da ita, kuma tana yi a hannun gwani. Dattijon da ya yi mana aikin, na lura ba ya jan wuta a layi ɗaya. Ɗigo ɗaya a nan, ya tsallaka can gefe ya yi wani, ya ɗan bubbuga da guduma, ya jira wurin ya huce har ya iya ɗora hannu. Na ce, "Baba, haka za mu kai Magariba a rami ɗaya." Ya ce, "Alhaji ƙarami, in na yi sauri ƙarfen zai murɗe, kai kuma za ka sayi fila gwangwani uku." Da ya gama sai ya sa yaronsa ya haska tocila ta baya. Duk inda haske ya ɓullo, ko kamar bakin allura ne, ya koma ya toshe. Bayan nan aka goge waldar, aka shafa faraima gaba da baya, aka bi haɗin da gam na toshe kafa.

Fila

Nan ne aka fi cutar masu tsofaffin motoci, kuma mu ma an taɓa yi mana. Shekarun baya, mahaifinmu na da rai, an kai motar wani gareji ta dawo tana ɗaukar ido. Damina ɗaya ta wuce, gindin ƙofar baya ya fara ƙuraje. Da muka fasa wurin a wannan karon, guntun buhu da ragar sauro muka tarar an cusa a ramin, an laɓta fila mai kaurin yatsa a kai. Ita fila tana shan ruwa. In bayanta a buɗe yake, sai ta zama soso manne da ƙarfe, ramin da ya kai kwabo ya koma faifai. Har yau in na tuna raina na ɓaci, domin dattijo ya biya kuɗinsa da zuciya ɗaya.

Aikinta shi ne gyara 'yan lotsawar da guduma ta bari, a kan ƙarfe mai tsabta da aka toshe. Kaurinta kada ya wuce milimita 3. Hadina, wato sinadarin da ke sa fila ta daskare, kashi 2 cikin 100 ake sawa, a cuɗa a kan faranti mai tsabta har launin ya zama ɗaya. A zafin Maris da Afrilu kafin ka juya ta daskare, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan, kuma kada ka rage ko ka ƙara hadina don neman lokaci. Gogewa a bushe ake yi, ban da ruwa: lamba 80, sai 180, sai 320, a naɗe sanfefar a dogon katako mai santsi. Tafin hannu bin kwari yake yi, katako ne ke nuna shi. Ka ɗan yayyafa baƙin fenti sama-sama kafin gogewar ƙarshe. Inda baƙin ya rage, wurin ya faɗa.

Faraima da fenti

In za ka samu faraimar efoksi, ita ce ta fi riƙe farin ƙarfe da hana ruwa shiga. A kanta a sa faraima mai cike ƙananan zane, a goge da 400 zuwa 600. Don launi, ka nuna wa mai haɗa fenti cikin murfin but, inda rana ba ta ci ba.

Lokaci ma yana da nasa. A tsakiyar damina danshi na dusashe fenti, a hunturu ƙura na kwanciya a kansa tun bai sha iska ba. A Bauchi na fi yarda da ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. A yi da hantsi, a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a kuma tsiyaye ruwan da ya taru a tankin kwamfreso. Fenti mai hadina yana da guba mai lahanta huhu. Ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci ba ya tare ta, kuma kai mai mota ya dace ka saya wa mai feshin takunkumi na gaske cikin kuɗin aiki.

Inda ido ba ya gani

Da fenti ya bushe, saura cikin ƙofofi da cikin dogayen ƙarafan ƙasa, inda ɓarnar ta faro tun asali. Ka bi kafofin gindin kowace ƙofa da waya ka buɗe su, sannan a fesa kakin hana tsatsa a ciki har ya ɗigo. Wasu baƙin mai suke ɗurawa. Yana ɗan taimakawa, amma yana cin roba yana tara ƙura. Ƙasan motar a shafa baƙin fentin kariya, shi ma a kan faraima, ba a kan tsatsa ba. Robar gilashi da ta ƙofa da suka bushe a sauya su, in ba haka ba ruwan da ya huda kafet jiya zai sake samun hanya.

Tamu yanzu tana ƙarƙashin rumfar kwano, nesa da darbejiyar. Ban lulluɓe ta da leda ba, domin leda na riƙe gumi. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kuma na fita da ita, in na dawo nakan ɗaga kafet ɗin gefen direba da na but in shafa da hannu, in na ji sanyi in bar ƙofofin a buɗe har la'asar.