Shawara ga sabon mai tsaron layi a kwallon Amurka

Salam 'yan uwa, wani ya tambaya jiya kan aikin mai tsaron layi, wato rafalin da ke tsayawa a gefen fili daidai layin da kwallo take, a kwallon Amurka, ga dan abin da na koya a wasannin makarantun sakandare na daren Juma'a.

Kafin komai ka nemi masu rike sarkar auna nisa tun ba a fara wasa ba, domin kai ne ogansu, ka gaya musu kar wanda ya daga sarkar nan mai yadi 10 sai ka yi musu alama da hannu, kai ma kuma sai babban rafali ya nuna. Akwai dan makalen da ake sakawa a sarkar daidai kan layin yadi biyar mafi kusa, wallahi kar ka raina shi, ni na taba mantawa, aka zo awo sarka ta riga ta gusa, na tsaya ina zare ido kocin yana ta min ihu a kunne.

Ka tsaya layin da kwallo take ya ratsa tsakanin kafafunka, kana kallon wanda ya tsallako ko ya motsa kafin a mika kwallo. In an kayar da mai gudu, bi gefen fili tukuna sannan ka shigo a mike ka dasa kafa inda ya kai, ba inda aka turo shi baya ba.

Usur kuwa, in ba ka ga kwallo da idonka ba kar ka busa. Robar da kake sakawa a yatsa ita ke rike maka kirgen dama 4 da ake ba kungiya ta ci yadi 10, matsar da ita bayan kowace dama, ka duba ta yi daidai da lambar mai rike akwatin, wato sandar da ke nuna dama ta nawa ake.