Shawara ga mai niyyar tattaki daga Najaf zuwa Karbala

Tsakanin Najaf da Karbala a ƙasar Iraki akwai tazarar kimanin kilomita 80, kuma yawancin masu tattakin Arba'in sukan kammala ta cikin kwana biyu zuwa uku domin su isa kafin 20 ga watan Safar, wato ranar Arba'in, wadda ake tunawa da cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini a Karbala. Abin da ya fi tsayar da mutane a hanya shi ne ciwon ƙafa. Kada ka sayi sabon takalmi ana jibi tafiya, domin wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi ya fi ko da ya tsufa. Da zarar ka ji diddige ya fara zafi, ka zauna ka manna filasta tun kafin wurin ya ɗuri ruwa.

Turakun da ke bakin hanyar suna ɗauke da lambobi har zuwa 1452, kuma tsakanin turke da turke akwai kusan mita 50. Kai da abokan tafiyarka ku tsayar da lambar da za ku riƙa haɗuwa idan wani ya ɓace, saboda waya takan ƙi shiga a cikin cunkoso.

A 'yan shekarun nan Arba'in yana faɗowa a lokacin tsananin zafi, don haka gara a yi tafiya da dare da kuma bayan asuba, a huta da rana. Ba sai ka cika jaka da guzuri ba, tunda rumfunan da ake kira mawakib suna raba abinci da ruwa kyauta, har da wurin kwana. Fasfo kuwa ya zauna a ƙaramar jaka rataye a wuyanka.