Yadda zaka ci bikin Tet a Biyetnam ba tare da ka kwafsa ba

Toh, in har kana da niyyar ganin Tet, wato bikin sabuwar shekarar mutanen Biyetnam, fara da duba kalanda, domin da wata suke lissafi, ranar tana yawo tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. A 2025 ta faɗo 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu. Tikitin jirgin ƙasa da na sama ka saye shi tun da wuri, don kowa gida yake tafiya, kujera sai ta gagari mai kuɗi.

Shawarata ka sauka mako guda kafin ranar. Mutane da yawa sai su zo ranar Tet ɗin kanta suna zaton za su tarar da cashiya a titi, sai su iske Hanoi tsit, shaguna a garƙame, domin bikin na cikin gida ne. Armashin yana kwanakin shiri. Ranar 23 ga watan ƙarshe na kalandarsu ta wata ake sallamar Ong Tao, wanda a imaninsu shi ke kula da murhun gida yana kai rahoton iyali sama, shi yasa zaka ga mutane a bakin tafki suna sakin jajayen kifaye wai su ne abin hawansa. Ka leƙa kasuwar furanni ta Quang Ba a Hanoi da asuba, zaka ga mutum ya ɗaure bishiyar kumkwat sukutum a bayan mashin, 'ya'yan lemun suna rangaji, shi kansa ba ka ganin sai ƙafafunsa. A arewa furen hoa dao mai ruwan hoda ake sawa a ɗaki, a kudu kuma hoa mai, rawaya. In a birnin Ho Chi Minh kake, titin Nguyen Hue ake ƙawatawa da furanni.

Yanzu ga inda baƙo yake kwafsawa. Safiyar ranar farko kada ka kuskura ka faɗa gidan kowa ba gayyata, ko da kuwa amininka ne. Suna da abin da suke kira xong dat, mutumin da ya fara taka ƙofar gida bayan sha biyun dare shi ake ɗora wa sa'ar shekarar gaba ɗaya, saboda haka tun kafin ranar maigida ya riga ya zaɓi wanda shekarar haihuwarsa ta dace da tashi, kai kuma ka shigo da murmushinka ka ɓata musu lissafi, in ciniki ya tsaya a wata na bakwai da kai za a tuna. Ka haƙura tukuna. Dama tsarin shi ne rana ta ɗaya dangin uba, ta biyu dangin uwa, ta uku malamai.

In an gayyace ka, ka sa kaya masu haske, ja ko rawaya, ka bar baƙi da fari zalla don na makoki ne. Ka cire takalmi, ka fara gaida tsofaffi, "chuc mung nam moi", wato barka da sabuwar shekara, ta ishe ka. Ka tanadi jajayen ambulan da sabbin takardun kuɗinsu na dong a ciki don yara, li xi kenan, kamar dai barka da sallah, kuma da hannu biyu ake miƙawa, ba a buɗewa gaban mai bayarwa. Kada ka ɗauki tsintsiya wai zaka taya aiki, shara a kwanakin farko share arziki ce a wajensu. Zancen bashi, ciwo da mutuwa ka aje shi. Teburin kakanni mai turare da 'ya'yan itace kala biyar kuwa kallo kawai, kada ka miƙa hannu.

Abinci fa sai ka yi hattara. Banh chung, dunƙulen shinkafa mai danƙo da wake a naɗe cikin ganye, wanda ake kwana ana dafawa kusan awa 10 zuwa 12, naman alade ne a tsakiyarsa, haka ma ɗan'uwansa na kudu banh tet mai siffar guntun sandar gora. In ba ka ci ka faɗa tun kafin a yanka maka, ka nemi na "chay", marar nama. Ga kuma mut, busassun kwakwa da citta masu sukari da ake sha da shayi.

In Tet ya wuce ka, akwai bikin haikalin Chua Huong da ke farawa 6 ga watan farko na kalandarsu ta wata, da kwale-kwale ake zuwa, sai ranar tunawa da sarakunan Hung, waɗanda suke ɗauka su suka kafa ƙasar, a lardin Phu Tho, 10 ga wata na uku, hutun ƙasa ce tun 2007. Trung Thu na 15 ga wata na takwas na yara ne, fitilu da rawar zaki, shi wannan a titi ake yinsa, ka je layin Hang Ma a Hanoi da daddare ba sai kowa ya gayyace ka ba.